Zaɓa wa Dogon Mutum Babur ɗinsa na Farko

A shagon da nake aiki a nan Maraɗi, babura sukan zo mana a cikin kwali, mu harhaɗa su mu sayar, kuma mafi yawan waɗanda suka saya a hannunmu sukan dawo wurinmu gyara. Wannan dawowar ce ta fi koya mini aiki, domin a nan ake gane wanda abin hawansa ya dace da shi da wanda yake haƙuri da shi kawai. A cikin masu saye kuwa babu wanda ya kai dogon mutumin da bai taɓa tuƙi ba wahalar zaɓa wa, saboda tsawonsa yana neman babur mai yalwar jiki, rashin ƙwarewarsa kuma yana neman inji mai sanyin hali, sai dai a kasuwa mutane sukan ɗauki waɗannan abubuwa biyu a matsayin abu ɗaya.

Galibi ɗan rakiya ne yake fara ɓata lissafin. Da zarar ya dubi tsawon abokinsa sai ya ce, "Alhaji, wannan ƙaton ai sai babban inji." Amsar maigidanmu ba ta canzawa: "Ɗana, ƙafarsa ce doguwa, hannunsa bai san totur ba tukuna." Injin cc 125 zuwa 150 (cc shi ne ma'aunin girman inji) ya ishi sabon matuƙi komai tsawonsa, domin da irinsa ake ɗaukar mutum biyu da buhun gero daga Madarunfa zuwa cikin gari. Kamfanin Honda ya fito da CG125 a 1975 musamman saboda ƙasashe irin namu, inda hanya ba ta da kyau kuma ba a cika canjin mai a kan lokaci ba, kuma da yawa daga cikin baburan ƙasar Sin da suka cika garin nan a kan tsarin injinsa aka ƙera su. Babban inji yana zuwa da ƙarin nauyi da saurin zabura, wanda kuwa bai saba sakin kuloci a hankali ba, waɗannan biyun ne suke kayar da shi.

Masu saye da suka yi ɗan bincike sukan zo suna tambayar tsawon kujera daga ƙasa. Ƙananan babura marasa tanki a gaba kujerarsu tana wajen santimita 76, masu tsarin CG wajen 78, Honda XR150L wajen 83, Yamaha XTZ125 kuma 84. Alƙaluman suna da amfani, amma gajeren mutum suka fi yi wa magana, tun da shi ne yake fargabar ko ƙafarsa za ta taɓa ƙasa. Dogo ba shi da wannan damuwa. Abin da ya shafe shi shi ne tazarar da ke tsakanin kujera da matakin ƙafa, da kuma tazarar da ke tsakanin gwiwa da mariƙin babur, kuma ba kasafai ake rubuta waɗannan a takardar babur ba. Ko tsakanin dogaye ma akwai bambanci, domin wani tsawonsa a ƙafa yake, wani kuma a gangar jiki, don haka mutum biyu masu tsawo ɗaya za su iya hawa babur ɗaya, guda ya ji daɗi guda ya takura.

Saboda haka ba mu yanke magana sai mutum ya hau. Akan kafe babur a kan tsayuwarsa ta tsakiya, mai saye ya zauna inda matuƙi ya kamata ya zauna, ya ɗora ƙafafunsa biyu a kan mataki, ni kuma in tsuguna daga gefe ina duban cinyarsa. Idan gwiwa ta ɗaga sama da ƙugu, na san cewa kafin ya kai Gidan Rumji bayansa zai fara ciwo. Daga nan sai in ce ya karya kan babur zuwa dama har ƙarshe, sannan zuwa hagu, domin idan mariƙi ya bugi gwiwarsa a tsaye, haka zai buge ta ranar da yake ƙoƙarin juyawa a lungun kasuwa da amalanke a gabansa. Abu na ƙarshe shi ne ya taka burkin baya ya kuma ɗaga giya ba tare da ya cire ƙafa daga mataki ba. Dogon mutum yawanci babbar ƙafa gare shi, kuma na sha ganin wanda yatsunsa suke kwance a kan burki yana danna shi bai sani ba, har burkin ya cinye kafin lokacinsa.

Yashi ma yana da nasa hukunci. Wanda zai riƙa barin kwalta yana shiga ƙauyukan wajen Dakwaro ko bakin gulbi zai ji daɗin babur irin XTZ125, mai tayar gaba inci 21 da faffaɗan mariƙi, wanda ake iya miƙewa tsaye a kansa a matse tanki da gwiwa idan yashi ya yi zurfi. Ga dogo, wannan shi ne babur da ya fi dacewa da jikinsa. Duk da haka ba shi nake fara nuna wa mutane ba, saboda kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin masu saye, kayan gyaransa kuma ba a kowace rumfa ake samunsu ba, alhali sabon matuƙi dole ne ya faɗi ya karya madubi ko hannun burki. Ga wanda zirga-zirgarsa ta cikin gari ce, na fi son Bajaj Boxer mai cc 150 ko makamancinsa, domin kujerarsa doguwa ce shimfiɗaɗɗiya, kayansa kuma ko a ƙauye ba a rasa su.

Sauran giɓin gyara ne yake cike shi, kuma gyara ne mai araha. Mai ɗinkin kujera zai ƙara soso mai tauri kamar santimita huɗu ko biyar, sai gwiwa ta sauka nan take. Soso mai laushi ɓarnar kuɗi ne, domin bayan ƴan makonni yakan lotse ya koma yadda yake. Akan sassauta mariƙi a ɗan tura shi gaba, muddin wayoyin kuloci da totur ba su ɗaure ba idan an karya kai, a sauke ƙafar burki da ta giya daidai da takalmin mai babur, a ƙara wa sifirin ɗin baya tauri idan mutumin mai nauyi ne, sannan a daidaita madubi don kada ya riƙa kallon kafaɗarsa. Abin da nake hanawa shi ne a yanke mataki a yi masa walda a ƙasa, domin zai riƙa gogar ƙasa a kwana.

Akwai kuma dabarar da dogaye suke yi wa kansu, wato su ja da baya su zauna a wurin fasinja don ƙafa ta miƙe. Hakan yana rage nauyi a kan tayar gaba, ta kasa kama hanya sosai a kwana da lokacin taka burki. Wanda kuma ya sayi babur don kabu-kabu, wannan wurin ba nasa ba ne, domin fasinja zai tura shi gaba har ya manne da tanki. Shi ya sa idan mai saye ya ce mini aikin haya zai yi, nakan sa ɗan rakiyarsa ya hau bayansa, mu sake gwajin gwiwa da mariƙi tun daga farko kafin a yi maganar kuɗi.