Jinyar Mama da abin da ya biyo baya

Ni na yi jinyar mahaifiyarmu tun daga lokacin da aka ce sankarar mama ce har Allah Ya karɓi abinSa, ba wai don na fi sauran sonta ba, kawai ni ce mace kuma ni ke zaune a Jos, yayyena ɗaya na Abuja ɗaya na Kano. A gidajenmu ai ba a zama a raba jinya, wanda ta faɗo kansa shikenan.

Rigima tun kafin a fara magani ta soma. Likita ya ce sai an ɗebi 'yar tsoka daga ƙullin an kai gwaji, dangi suka taso wai daji ba ya son ƙarfe, ana taɓa shi zai bazu. Goggo har ɗaki ta ja ni ta ce "ke 'yar nan, ki ji tsoron Allah kar ki bari su yanka ta." Alhali gwajin nan shi ke nuna wane irin daji ne da maganin da zai karɓe shi, wani ƙwaya ce irin su tamoxifen ke riƙe shi, wani kuwa ko gezau. Zaman jira a gida shi ke ba ciwon damar yaɗuwa.

Kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin dajin da ake sawa ta jijiya, duk bayan sati 3 ake yi, kuma kafin kowanne sai an auna jini, in ya yi ƙasa a ɗaga muku rana ko a ce ku nemo masu ba da jini. Kwanakin da ke biyo baya su ne aikin. Gashinta ya dinga biyo ɗankwali, faratanta suka yi baƙi, baki duk gyambo, ƙamshin suyar albasa daga maƙwabta ma sai ya sa ta amai. Gwaten acha mai ruwa-ruwa da kunun gyaɗa in ya huce, su kaɗai ke shiga, cokali biyu ta kau da kai, in jira in sake miƙawa. Nas ta ja min kunne cewa zazzaɓi ga mai shan kemo ba na Panadol ba ne, asibiti ake tafiya ko tsakar dare ne don garkuwar jiki ta faɗi. Na sayi littafi ina rubuta komai, sunan magani, awon jini, kuɗin da kowa ya turo, kuma wallahi littafin nan ya kashe gulma da yawa a dangi. Gashin ciwon da na'ura (radiotherapy) kuwa Abuja muka yi, hanyar Akwanga da Keffi har na haddace ta, Litinin zuwa Juma'a ana sa ta a na'ura na 'yan mintuna. A can na ji labarin asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa masu sankarar mama, bakin mahaifa da ta mafitsarar maza (prostate), duk mai jinya ya tambaya.

Toh 'yan dubiya fa. Allah Ya saka musu, amma kowa da jarkar maganinsa, wannan sassaƙe, wancan lambar wani mai magani da ya gani a Facebook, su cika ɗaki su zauna ana jimami ita kuma bacci take so. Wata maƙwabciyarmu a Anguwan Rogo ita ba ta da dogon zance, ta shigo ta kwashe zannuwan da aka ɓata ta wanko, ta ce "je ki kwanta, ina nan." Ban san da me zan biya matar nan ba.

Da ciwon ya shiga ƙashi Mama da kanta ta ce "Auta, ku bar ni haka, na gaji da mota." Aka koma rage raɗaɗi, mofin na ruwa, maganin kashe zafi mai ƙarfi, duk awa 4, Yaya ya ɗaga hankalinsa wai zai zame mata jaraba, sai da likita ya zaunar da shi. Mofin ɗin yana ɗaure ciki, dole a haɗa da maganin bahaya. Juya ta duk awa 2 saboda gyambon kwanciya, canza pampas cikin sanyin Jos, ina ɗumama ruwa ina goge ta tana kau da fuska don kunya.

Ranar da ta rasu ana ta ce min kar ki yi kuka, addu'a take buƙata. Addu'a kam muna yi, amma ai Annabi (SAW) ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Kuma abin da ban iya faɗa wa kowa ba a zaman makoki, har da wani sauƙi na ji a raina cewa ta huta, na daɗe ina tuhumar kaina kafin wata da ta yi jinyar mijinta ta ce ita ma haka ta ji. Uku, bakwai, gida cike. Bayan arba'in ne abin ya kama ni sosai, ba mai zuwa, waya ta daina ƙara, ni kuma jikina ya saba, sai in farka tsakar dare lokacin magani in rasa abin yi.

Likitanta ya ce tunda mahaifiyata ce ta yi, in dinga zuwa ana duba ni, na je kuma ina komawa. Goggo dai har yau ta ƙi, ta ce ita ba za ta je neman ciwo da kuɗinta ba.