Antimata a jikin Gwaggo

Talata, Jidda.

Muna idar da sallar asuba muka baro Shara Mansur a Makka, ni da Gwaggo, cikinta babu komai sai ruwa, kamar yadda likita ya ce. Hoton PET za a yi mata, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka bayan an yi wa mutum wata allura, a ga ko magani ya ci ƙarfin ciwon dajin da ke damunta. Da aka yi mata allurar, aka ce ta kwanta shiru kamar awa ɗaya, sai ta riƙe mini hannu.

"Ɗan nan, kai da kake koya wa yara kimiyya, me suka zuba mini?"

Na ce, "Sukari ne, Gwaggo, sai dai an maƙala masa wani sinadari da zai nuna musu inda ciwon yake." Ta ce Allah Ya sa a dace. Na ce amin, na fito.

A kujerar jira na yi ta juya sauran bayanin a raina. Sinadarin nan fulorin-18 ne, kuma duk bayan minti 110 rabinsa ya ƙare, shi ya sa ba a wasa da lokacin allurar. Ƙwayoyin ciwon daji sun fi sauran jiki haɗamar sukari, don haka can yake taruwa. Fulorin ɗin yana rushewa yana sakin fozitiron, wato kishiyar ilektaron, ƙwayar nan da ke ɗauke da lantarki: nauyinsu ɗaya, cajinsu ne ya saɓa. Antimata ke nan. Fozitiron ba ya yin nisa, tafiyar da ba ta fi milimita ɗaya ko biyu ba sai ya ci karo da ilektaron, su duka biyun su ɓace, su koma hasken gamma guda biyu, ɗaya ya nufi nan, ɗaya ya ba shi baya. Zoben na'urar ya cafke su, kwamfuta ta ja layi tsakaninsu, daga tarin layukan hoto ya fito. Duk wannan a ƙirjin matar da ta goya ni!

Abin yana taɓa ni ƙwarai, domin a takarda aka fara ganin fozitiron. Paul Dirac, a Ingila, ya rubuta lissafinsa a 1928, lissafin ya ba da amsa biyu, ta biyun kuwa ta nuna akwai wata ƙwaya da ba wanda ya taɓa gani. A 1932 Carl Anderson ya ga sawunta a Amurka, a gaban maganaɗisu ta lanƙwasa ta inda ilektaron ba ya bi. Daga baya masana a CERN, cibiyar binciken kimiyya da ke kusa da Janiba, suka haɗa antihaidirojin, wato haidirojin na antimata, a 1995, kuma a 2023 suka tabbatar cewa idan aka sake shi ƙasa yake faɗowa, kamar kowane abu.

Tambayar da ta fi tsaya mini ita ce wadda har yau masana ke nema: a farkon halitta ya kamata ƙwayoyin da aka gina komai da su da kishiyarsu antimata su zo daidai, su cinye juna. Amma aka samu ɗan rara, kamar ɗaya cikin biliyan, kuma daga rarar nan taurari da ƙasa da mu kanmu muka samu. Subhanallahi.

Da ta fito aka ce ta sha ruwa da yawa, kada ta ɗauki jikoki sai dare. Sakamako sai Lahadi. Gobe zan ajiye darasin da na shirya wa ɗalibaina, in fara da wannan.