Ogan ba ya jin bugu

Aikina shi ne rubuta kiɗa a kwamfuta: a kawo mini takardar da aka rubuta da hannu, in mai da ita rubutu mai tsafta, sannan in fitar da sautin gwaji domin mawaƙa su ji kafin su haɗu. Da fiyano ko goge ba na shan wahala. Ranar da aka kawo mini waƙar rukuni wadda ogan mai bututu zai raka ta ne na gane da sauran rina a kaba. Na danna maɓallin sauraro, sai ga wata ƙara guda ɗaya, mai kauri, daga farko har ƙarshe, kamar an jingina dutse a kan hon ɗin mota.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A tsarin General MIDI, wato daidaitaccen jerin muryoyin kayan kiɗa da kwamfuta ke bi, wanda aka fitar a 1991, akwai kayan kiɗa 128, ogan na coci kuwa lamba ɗaya tak aka ba shi, ta 20. Ogan na gaske taron muryoyi ne. Kowace murya, wadda makaɗa ke kira sitof, jerin bututu ce mai zaman kanta, galibi guda 61 a ogan na zamani, ɗaya ga kowane maɓalli na allon hannu. Makaɗi ne ke zaɓar waɗanda zai buɗe wa iska. An ɗauki wannan taro duka an dunƙule shi a murya ɗaya, wadda yawanci ta yi kama da an buɗe kusan komai a lokaci guda.

Sai na yi abin da duk mai gaggawa ke yi: na tafi neman taskar samfuran sauti. A nan na san Hauptwerk, manhajar da Martin Dyde ya fara fitarwa a 2002, da kuma GrandOrgue wadda kyauta ce. Yadda ake haɗa waɗannan taskoki ya burge ni ƙwarai. Masu ɗaukar sauti sukan shiga ginin da ogan yake, galibi da dare idan gari ya yi tsit, su naɗi kowane bututu shi kaɗai. A kowanne suna kama abu uku: farkon fitar sautin lokacin da iska ta shiga, tsakiyarsa da ake maimaitawa muddin yatsa na kan maɓalli, da wutsiyarsa bayan an saki maɓallin, wadda ke ɗauke da amsa-kuwwar ginin. Taskoki masu kyau ma wutsiya fiye da ɗaya suke naɗa, domin sautin da aka taɓa aka saki nan take bai cika ɗakin ba kamar wanda aka riƙe. Da haka mutum zai zauna a ɗakinsa ya ji ogan ɗin da Aristide Cavaillé-Coll ya ƙera a cocin Saint-Étienne da ke Caen a Faransa.

Haɗa su da manhajar rubutu bai ɗauke ni lokaci ba. Ana buɗe wata hanyar MIDI, wato hanyar aika saƙonnin kiɗa, ta cikin kwamfuta, loopMIDI a Windows ko IAC a Mac, manhajar rubutu ta tura, ta ogan ta karɓa. Abin da ya ɗan ci mini rai shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta, don ana loda samfuran ne gaba ɗaya a cikinta, sai da na rage ingancinsu daga bit 24 zuwa 16 na kuma bar wasu muryoyin a waje.

Na fitar da sauti, ina ta jin kaina, na kai wa wani dattijo da ya daɗe yana kaɗa ogan. Ya sa abin sauraro a kunne, bai kai minti ɗaya ba ya cire.

Ya ce, "Ɗana, ogan ɗin nan na gaske ne, na ji. Amma wa ke kaɗa shi?"

Na ce, "Baba, kwamfuta ce."

Ya ce, "To ka faɗa mata ta riƙa ɗaga yatsa."

Na daɗe ina juya wannan magana. A fiyano, idan ka buga da ƙarfi sauti ya fito da ƙarfi, sannan ya riƙa raguwa da kansa. Manhajojin rubutu a kan wannan tunani aka gina su: alamar ƙarfi ko taushi tana komawa lamba tsakanin 0 da 127, wato ƙarfin bugu. Ogan bai san wannan ba. Maɓalli ƙofa ce kawai, ka buɗe iska ta shiga, ka rufe ta tsaya, sautin kuma ba ya raguwa ko da za ka kwana a kai. Duk alamomin da na bi na jera a takarda, babu wadda ta taɓa bututun. Makaɗin ogan da tsawon sauti yake magana, da kuma ɗan shirun da yake bari tsakanin wannan da wancan. Idan yana son wata gaɓa ta fito, sai ya gajarta wadda ta gabace ta, kunne ya ɗauka an ƙara ƙarfi alhali ba a ƙara komai ba.

Ita kuwa manhaja kowane sauti tana riƙe shi har iyakar tsawonsa, ta manna shi da na gaba. Inda sauti iri ɗaya ya maimaitu sau huɗu, bututun ba ya samun damar rufewa ya sake buɗewa, sai huɗun su narke su zama ɗaya. Dattijon ya nuna mini ƙa'idar makarantar Faransa wadda Marcel Dupré ya koyar: sautin da za a maimaita, a cikin kiɗa mai matsakaicin sauri, yakan rasa rabin tsawonsa, sauran rabin ya zama shiru. Da na fara ji na ɗauka ya yi yawa. Na gwada, sai ga kalmomin waƙar sun fito ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin muryoyin mawaƙa. Daga nan na koma ina bin rubutun ina rage tsawon sautuka ta ɓangaren sauraro kawai, ba tare da na taɓa abin da ido ke gani a takarda ba. Aiki ne mai cin rai, ba zan ɓoye ba, kuma shi ne ya fi komai tasiri, har ya fi taskar kanta.

Amsa-kuwwa ma ta yi mini wayo. Samfuran da na ɗauko sun riga sun zo da muryar gininsu, ni kuma na bar ta manhajar rubutu a kunne, na ɗora coci a kan coci. Komai ya dagule. Da na kashe ɗaya, na kuma sassauta gudun kiɗan kaɗan, sai na fahimci abin da ya sa makaɗa ke dakatawa a ƙarshen jimla: suna jiran ginin ya gama maganarsa.

Zaɓen muryoyi shi ne inda na fi jin daɗin koyo. Lambobin da ke jikin kowane sitof tsawon bututu mafi girma ne a jerin. Mai ƙafa 8 yana fitar da sauti daidai yadda aka rubuta, mai ƙafa 4 oktaf ɗaya sama, wato daga "do" zuwa "do" na gaba, mai ƙafa 16 oktaf ɗaya ƙasa. Mai ƙafa 32, sautinsa na can ƙasa kusan girgiza 16 ne a daƙiƙa, ƙasa da abin da yawancin kunnuwa ke ji a matsayin sauti, ƙirji ne ke jin sa. Da farko komai nake buɗewa, kamar yaron da aka ba makullin shagon alewa. Daga baya na ga murya mai kama da sarewa ta ƙafa 8 da wata ta ƙafa 4 sun ishi baiti mai taushi, a ajiye masu kaifi da masu amon kakaki sai baitin ƙarshe. Shi ya sa na raba layukan rubutun, kowane allon hannu da tasharsa ta MIDI, fedal ma, wato maɓallan da ake takawa da ƙafa, da tasa, don ya sami muryar ƙafa 16 da ke riƙe ginshiƙin kiɗan. Na kuma ƙara wani layi ɓoyayye wanda ba ya fita a takarda, aikinsa kawai aika saƙon canjin muryoyi daidai wurin da mawaƙa ke numfashi.

Ƙaruwar sauti a hankali kuwa tana da nata hanya. Wani sashe na bututun yana cikin akwati mai faifan katako da ake buɗewa da rufewa da ƙafa. Rufe shi yana dusashe kaifin sautin fiye da yadda yake rage ƙarfinsa, shi ya sa jan ƙarar gaba ɗaya ƙasa ba ya yin kama da shi ko kaɗan. Na ɗaure wannan akwati da saƙon MIDI mai lamba 11, ina zana masa layi da hannu.

Kuskure na ƙarshe shi ya fi ba ni kunya. Na koma wata taska ta tsohon ogan na arewacin Jamus saboda muryarsa ta fi tsabta, na aika wa mawaƙa. Da suka haɗu a gaban fiyano sai aka ji duk sun hau sama. Irin waɗannan tsofaffin ogan da yawa an daidaita su ne kusan rabin mataki sama da ma'aunin girgiza 440 a daƙiƙa da ake bi yau, wajen 465, wasunsu kuma da tsohon tsarin daidaitawa wanda ke sa wasu makullan kiɗa su yi zaƙi wasu su yi tsami. Manhajar tana da wurin da ake mai da shi 440, layi ɗaya ne a cikin saituna, ban taɓa leƙa shi ba.

Na gyara, na sake kai wa dattijon. Wannan karon ya saurara har ƙarshe, ya ajiye abin sauraron a hankali, ya ce fedal ɗin yana shigowa da wuri a baiti na uku. Na duba, kuma haka ne.