Karo na huɗu ne na ci Deity da Mali

Jama'a daren jiya na gama wasan Civilization VI a matakin Deity, wato mataki na takwas kuma na ƙarshe a wahala, kuma har yanzu in na rufe ido taswirar nake gani. Sati uku na yi a kan gem ɗaya, kullum awa biyu ko uku da daddare, kafin shi kuwa sau uku ana share ni daga doron ƙasa tun ban kai zagaye na 80 ba.

Ga wanda bai taɓa bugawa ba, wasa ne na kafa daula da ake yi bi da bi, kai ka motsa naka ka danna maɓalli, kwamfuta ta motsa nata. Ana farawa daga shekara 4000 kafin haihuwar Annabi Isa da ayarin kafa gari ɗaya da mayaƙi ɗaya, a tafi har 2050, zagaye 500 ke nan in ba wanda ya ci kafin nan. Na farkonsa tun 1991 ya fito, wannan na shida kuma kamfanin Firaxis ya sake shi a 2016, ni kuma da ƙarin Gathering Storm na 2019 nake bugawa don a nan ne aka saka Mali da Mansa Musa.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne a Deity kwamfuta ba wayo ta ƙara ba, gaba kawai aka ba ta. Kai kana da ayarin kafa gari ɗaya, kowace daula tana da uku, ga mayaƙa biyar ga magina biyu, sannan duk sojanta yana da ƙarin ƙarfi 4 a kan naka a fagen fama. To kafin ka gama gina abu na biyu a babban birninka maƙwabcinka ya riga ya yi garuruwa uku yana hango naka. Wasannina ukun farko duk kuskure ɗaya ne ya kashe ni, ina ta lissafin inda zan kafa makaranta kusa da duwatsu da yadda birni zai yi kyau nan da zagaye 200, alhali ko maharbi ɗaya ba ni da shi.

Mali kuma ita kanta wahala ce a farko. Duk gini ko soja da za ka yi sai an rage maka kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin aikin gari, ma'adinai kuma suna rage aiki 1 amma su ba ka zinare 4. Ma'ana ba a so ka gina, so ake ka saya. Amma kuɗin ba ya zuwa da wuri, sai ka samu kasuwarsu ta musamman da ake kira Suguba, wadda ke rage kashi 20 a duk abin da ka saya a garin, sai fatake sun fara fita daga garuruwan hamada. Tsakanin zagaye na 1 da lokacin nan kai ne mafi rauni a taswira gaba ɗaya.

A wannan karon Aztek ne maƙwabtana ta gabas. Mayaƙansu na gaggafa ƙarfinsu 28 ne nawa 20, ka ɗora 4 ɗin can a kai, kuma in sun kashe sojanka suna iya mayar da shi magini ya koma yi musu aiki, wannan abin yana min ciwo sosai. Na fara da 'yan majajjawa uku, na kashe ɗan daji ɗaya, wato mayaƙin da ba na kowace daula ba, da su don ilimin harbi ya zo da sauri, na mayar da su maharba, na jera su a kan tudu bayan kogi. Duk da haka a zagaye na 41 suka zo da runduna suka kewaye Tumbuktu, garina na biyu, wanda na kafa a bakin hamada kusa da ma'adinai uku, kuma a kansa na ɗora dukkan shirin kuɗina. Zagaye biyar ya yi yana jurewa ya faɗi.

Na daɗe zaune ina kallon allo. Gem ɗin yana ajiye kansa a kowane zagaye, da na so sai in koma baya zagaye goma in sayi maharbi ɗaya in canja komai, kuma gaskiya a da haka nake yi. Amma na riga na yi wa kaina alkawari wannan karon ba komawa baya, abin da ya faru ya faru. Kuma wallahi daga nan ne wasan ya fara zama nawa. Na janye sauran maharba zuwa Niani, babban birnina, na bar duk wani aiki na saka ganuwa, suka zo suka yi ta dukan bango ina tsince su ɗaya bayan ɗaya, domin kwamfuta ba ta iya kai hari kan gari mai ganuwa ba, sai ta turo soja ɗaya ɗaya cikin ruwan kibau. Da sojojinsu suka ƙare suka nemi sulhu, na karɓa duk da sun riƙe garin.

Bayan nan shekaru ne na shiru. Na haƙura da Petra, ginin da ke mayar da hamada gona, na san wata daula za ta riga ni kuma ta riga ni ɗin. Na kafa garuruwa yamma inda ba kowa, na saka gwamna Magnus a Niani don fitar da ayari kar ya rage yawan mutanen gari. In na duba jadawalin kimiyya ni ne na ƙarshe, wasu sun ninka ni uku, sai na daina dubawa don yana karya min gwiwa.

Sai wajen zagaye na 110 abin ya juya. Suguba uku sun tashi, fatake suna ta kai da kawowa, na shiga zamanin zinare, wato lokacin bunƙasar daula a wasan, wanda ke ƙara wa Mansa Musa hanyar fatauci ɗaya, kuɗi ya fara zuba. Na ɗaga gwamna Reyna har ta kai matsayin da ake sayen unguwa guda da zinare, sai ya zama abin da wasu za su yi zagaye ashirin suna ginawa ni a danna ɗaya nake tsayar da shi. Makarantu, ɗakunan karatu, jami'o'i, duk saye.

Abin da ya fi taɓa ni a wasan gaba ɗaya shi ne yadda Tumbuktu ya dawo. Na tara barade na Mandekalu, mahayan dawakin Mali na musamman, ina shirin yaƙi, sai na lura Aztek sun faɗa zamanin duhu ni kuma ina zamanin zinare, ga garuruwana huɗu sun kewaye shi da yawan jama'a. Biyayyar garin gare su ta fara sauka kowane zagaye. Na tsayar da baradena a kan iyaka ina kallon lambar tana raguwa, har garin ya yi tawaye ya zama mai cin gashin kansa, bayan ɗan lokaci kuma ya nemi shiga daulata da kansa. Kusan zagaye ɗari yana hannun wasu, ban harba kibiya ko ɗaya ba ya dawo, ma'adinan nan uku suna nan inda na bar su. Da na koma baya tun farko da ban taɓa ganin wannan ba.

Ƙarshen tsere ne na sararin samaniya da Koriya, waɗanda dama kimiyya ce sana'arsu a wasan. Matakai huɗu ne, tauraron ɗan Adam, sauka a wata, mazauni a duniyar Mars, sannan jirgin da zai yi tafiyar shekarun haske 50, wanda jirginsa ya fara isa shi ya ci wasan. Sun riga ni harba biyun farko. Na tura 'yan leƙen asiri biyu tashar rokarsu, ɗaya aka kama shi, ɗayan ya lalata tashar, wannan ya saya min zagaye kusan goma. A nan raunin Mali ya sake bayyana don ayyukan roka ba a sayensu da zinare, dole gari ya yi aikin da ƙarfinsa, sai na juya duk fatakena suka koma ciyar da Niani, kuɗin shiga ya faɗi warwas amma ban damu ba.

Jirgina ya tashi su ma nasu ya tashi zagaye shida bayan nawa, kuma nasu ya fi gudu. Daga nan ba abin da ya rage sai ƙara wa jirgin sauri da danna maɓalli, ina ƙirga tazara a takarda hannuna na rawa. A zagaye na 287 nawa ya isa, nasu saura shekarun haske 4.