Bayan An Ɗora Musu Hannu

Ranar aike ita ce mafi sauƙi a dukan aikin. Majami'a ta cika maƙil, 'yan Zumuntar Mata sun sha anko suna buga tulu, mai bishara da matarsa sun durƙusa a gaba, dattawa sun kewaye su sun ɗora musu hannu, an karanta Ayyukan Manzanni 13, yadda ikkilisiyar Antakiya ta sallami Barnaba da Shawulu. Baiko ya yi auki, har da mai alkawarin buhun masara. Sai a loda kaya a bayan a-kori-kura, a ɗaga hannu, kowa ya kama gabansa. Abin da ya rage kuwa ba kiɗa ba waƙa, shi ne kuma ya faɗo kaina da aka sa ni cikin kwamitin bishara na ikkilisiyarmu aka miƙa mini littafin kuɗi. Cikin masu bisharar da na ga sun karaya a ƙauye, kaɗan ne tsanani ko taurin zuciyar mutanen wurin ya karya. Yawanci shirun da suka ji daga gida ne ya ci su.

Bari in fara da kuɗi, tunda shi ne rabona a kwamitin. Mu mutanen gari muna son baiko mai amo: a sa rana, a gayyato babban baƙo, a kira suna a lasifika, a tara abu mai kauri sau ɗaya a shekara. Ba laifi. Amma gidan malam mai bishara kullum ake ɗora tukunya. Abin da yake bukata shi ne ya san ran kaza ga wata kuɗi kaza zai shigo, ko da bai taka kara ya karya ba, domin a kan wannan ne yake karɓar bashin sabulu da gishiri wurin mai tireda, a kansa ne yake roƙon malamin makaranta ya ɗaga masa ƙafa zuwa mako mai zuwa. In kuɗin ya makara, abin ya wuce yunwa. Mutumin da ya zo garin mutane yana wa'azin gaskiya ya koma wanda ake bi bashi yana sauya hanya, a ƙauye kuwa labari ba ya kwana. Wani malaminmu ya taɓa ce mini, "Baba ma'aji, in ya yi muku nauyi ku rage, amma ku bar ranar yadda take." Daga nan muka sa tallafin masu bishara sahu ɗaya da albashin fasto, abin da ake fitarwa tun kafin a buɗe maganar fenti ko sababbin kayan kiɗa.

Shekarar ƙauye kuma tana da nata lissafin. Kusan kowane mai bishara manomi ne, gonar da mai unguwa ya ara masa ita ce rabin albashinsa. Buhun taki ɗaya da ya isa a Mayu ko farkon Yuni ya fi biyu da suka isa a Agusta bayan masara ta tsumbure. Kuɗin makaranta yana ƙwanƙwasa ƙofa a Satumba da Janairu da wajen Afrilu. Yuli da Agusta kuwa rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, sauro ya yi yawa, lokacin ne za a ji yaro ya kwanta da zazzaɓi. Duk waɗannan an san da zuwansu, saboda haka ban ga dalilin da zai sa a jira sai malam ya buga waya murya na rawa kafin a ce za a yi baiko na musamman ba.

Ga kuma babur. Sayensa yana da daɗi, ana miƙa makulli ana ɗaukar hoto. Taya da sarƙa da baƙin mai ne ba su da mai tunawa, alhali mutum ɗaya yakan riƙe ƙauyuka uku ko huɗu a kan hanyar da damina take cinyewa. Bayan sanarwar cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta haura 1,000. Duk ikkilisiyar da ta ci gaba da aika abin da ta saba, ta rage wa ma'aikacinta albashi ke nan ba tare da ta zauna ta yanke hakan ba. A farkon shekarar 2023 ɗin ma, da aka yi ƙarancin takardun naira, sai ka tura kuɗi ya shiga asusu, malam ya hau babur ya yi nisa neman mai POS, ya biya la'ada mai tsada, wani lokaci ya dawo hannu rabbana. A waɗancan makonnin mudun wake da galan ɗin manja da aka ba direba ya kai sun fi saƙon banki amfani.

Ikkilisiyar Filibi ta burge ni a nan. Manzo Bulus ya shaida a wasiƙarsa gare su cewa tun yana Tasalonika sun yi ta aika masa da taimako ba sau ɗaya ba. Da yana ɗaure kuma ba su tsaya ga aika kaya ba, mutum suka tasa, Abafroditus, wanda ya je ya yi masa hidima har ya kamu da ciwon da ya kusa kashe shi. Zumunta a ƙafa take. Akwai abin da ba a gane shi sai an je: inda ake ɗiban ruwa, tudun da ake hawa kafin waya ta kama, kwanon rufin da aka danne da duwatsu, kwalbar magani da aka juye ta ba komai. Sai dai ziyarar ma tana da ladabinta. In mutum goma suka dira a mota ba sanarwa ba guzuri, kazar da matar malam take tanadi domin kuɗin littattafan yara ce za ta sha wuƙa, su kuma su koma suna yabon karamcinsa. Mutum biyu ko uku sun isa, su tafi da abincinsu da na masu gida, su kwana, su bi malam su je su gai da mai unguwa da maƙwabta. Gaisuwar nan tana ɗaga darajarsa, mutanen gari su ga ashe yana da dangi, ba yasasshe ba ne.

Tambaya ma sai an iya. Ka ce, "Malam, yaya aiki?" zai ce, "Mun gode Allah." Ka ce, "Akwai damuwa?" zai ce, "Sai alheri." Kunya ce da kawaici, ga kuma tsoron kada a ce ba shi da bangaskiya. In ana son jin gaskiya, a bar mata su shiga madafi su zauna da uwargida. Kafin tuwo ya nuna sun san wane yaro aka koro daga makaranta, sun san tun yaushe haƙorin malam yake hana shi barci. Mafi yawan abin da kwamitinmu ya yi mai amfani, daga bakin 'yan Zumuntar Mata muka samo shi. Su ne ma suka hana mu tara tsofaffin kaya barkatai, irin kwat da takalma masu tsini da rigunan da mu kanmu ba za mu sa ba, suka ce a fara tambayar mai ɗaki, shi ya san inda yake masa yoyo. Wata uwargida injin markaɗe ta roƙa. Yau injin yana ciyar da gidan, ya kuma sa matan unguwa suna shigowa da kansu, hira tana ƙulluwa.

Matar mai bishara ita ce ma'aikaciyar da ba a rubuta sunanta a littafin biya ba. Ita take koyar da mata karatu, ita take riƙe Makarantar Lahadi, ita ake tasa da tsakar dare in naƙuda ta zo wa maƙwabciya, ita ce kuma aka raba da 'yan'uwanta aka kai inda wani lokaci ko harshen ba ta ji. A ganina duk abin da za a aika, a ware nata a damƙa mata a hannu.

Sai batun rahoto, inda muka fi matsa wa bayin Allah. Muna son adadi: mutum nawa suka tuba, nawa aka yi wa baftisma, yaushe za a fara gini. Wanda aka matsa wa da irin wannan tambayar, ko dai ya ƙara gishiri ko ya daina rubutu. Mu tuna yadda aikin ya faro a ƙasar nan. Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas a 1893. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida ba lafiya. Sai a 1902 mishan ɗinsu ta SIM (Sudan Interior Mission) ta kafa tasha ta farko a Patigi. Da kwamiti irin namu ne yake duba rahotonsu, da tuni an rufe fayil. Tambayar da ta fi ita ce: su wa kake ziyarta, me ya fi ba ka wuya a watan nan, me za mu ɗauka mu yi addu'a a kai? In ya faɗa kuma, a yi addu'ar da sunansa da sunan 'ya'yansa a sujadar Lahadi, a kuma sanar da shi an yi.

Da labarin nasa kuma a yi hattara. Yau da garkuwa da mutane ta yi yawa a hanyoyin karkara, sa hoton malam da sunan ƙauyensa da jerin abin da aka kai masa a Facebook ko a zauren WhatsApp talla ce ga ɓarayi. Hoton sabon mai bi kuwa yana iya jawo masa rikici da danginsa. In malam ya ce wurin ya yi zafi yana so ya fitar da iyalinsa na ɗan lokaci, kada wanda yake kwana a bayan katanga da ƙofar ƙarfe ya kira shi matsoraci. Bulus kansa a cikin kwando aka zurara shi ta garun Dimashƙu.

Maganar 'ya'ya ita ta fi sa masu bishara barin fage. Mutum yakan jure wa kansa, amma ganin ɗiyarsa ta kai aji shida ba ta iya haɗa baƙi ba, wannan yana karya gwiwa. Turawan mishan sun gane haka tun da wuri. A Miyango, kusa da Jos, sun gina gidan hutu domin ma'aikatansu, suka kuma buɗe wa 'ya'yansu makaranta mai ɗauke da sunan Kent ɗin nan da ya rasu a Bida. Ikkilisiya ɗaya ba za ta iya gina irin wannan ba, amma tana da gidaje. Iyalin da ya karɓi ɗan mai bishara ya zauna da su ya yi sakandare a gari, ana duba littafinsa ana ba shi abinci ɗaya da 'ya'yan gida, ba a mai da shi ɗan aike ba, ya yi aikin bishara fiye da yadda yake zato.

Wani zai ce ai akwai hedikwata. Akwai, kuma tana da tarihi mai kyau: ƙungiyar aika masu bishara ta EMS ta faro tun 1948, kafin ma a kafa ECWA kanta, ikkilisiyar da ta fito daga aikin SIM, a 1954, wato masu bi na ƙasar nan sun fara aike tun ba su gama tsayawa da ƙafarsu ba. Amma ofishin da yake kula da ma'aikata masu yawa ba zai san ranar da matar wane za ta haihu ba. Ofis ya horar, ya tura, ya tsara. Sanin mutum da sunansa aikin ikkilisiyar da ta ɗora masa hannu ne, kuma ya fi kyau a ɗora shi a kan mutum ɗaya takamaimai mai kiran waya kowane mako, domin abin da aka bar wa kowa ba mai yin sa.

Ayyukan Manzanni 14 ya nuna cewa da Bulus da Barnaba suka dawo Antakiya, an tara ikkilisiya sun ba da labari, suka kuma daɗe tare da masu bi. Mu kuwa in malam ya zo gida, minti biyar ake ba shi tsakanin sanarwa da baiko, sannan a jera masa wa'azi a kowace ƙungiya har ranar komawarsa. Ya kamata a sama masa ɗaki, a kai shi da iyalinsa asibiti a duba jini da ido da haƙori, a bar shi ya yi barci. A kuma fara tunanin tsufansa tun yana da ƙarfi, domin yawancinsu gidan mishan suke zaune, ranar da suka yi ritaya ko suka rasu sai iyali su kwashe kaya su ba sabon ma'aikaci wuri. A kwamitinmu yanzu akwai shafi dabam a littafin da ake zuba ɗan abu kowane wata domin sayen fili da sunan malam da matarsa, kuma takardar filin tana zuwa hannunsu ne da zarar an gama biya.