Kwana na shida a sansanin gayya: bulo, goro da hannun hagu

Alhamis, tsakiyar Agusta. Muna wani ƙauyen Dagomba a ƙasar Gana, arewa da Tamale, tafiyar sa'a guda in hanya ba ta yi laka ba. Aikin bana gina aji biyu ne na firamare, cikin mako uku, da matasa 'yan sa-kai 18: shida daga Jamus da Faransa, biyu daga Koriya ta Kudu, biyu daga Togo, takwas 'yan Gana. A tsofaffin azuzuwa ake kwana tunda yara na hutu, kowa da gidan sauronsa.

Ƙarfe shida aka sha koko da ƙosai, shida da rabi aka fita. Aikin ƙarfi kafin rana ta take ake gama shi, don daga sha ɗaya baƙon da ya zo daga Turai ba ya iya ɗaga kwanon sarki.

Yau ma bulo ne. Buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne, muna zuba masa yashi kwano 16, ya ba mu bulo mai inci shida 28 zuwa 30. A busasshe ake fara juyawa, sau uku, sai launi ya zama ɗaya, sannan a yayyafa ruwa. Gwajin a tafin hannu yake: ka dunƙula, in ya riƙe bai ɗiga ba ya yi. Kwaɓin farko na yau a nan ya lalace. Samari biyu sun ga shebur na yi musu nauyi, suka ƙara bokiti biyu na ruwa don ya yi laushi. Ana ɗaga akwatin bugawa bulo ya zauna kamar tuwon da bai nuna ba, guda 28 suka tafi a banza. Na jiya kuma da aka manta ba a rufe da leda ba, ruwan dare ya farfasa musu fuska. Sabon yashin da tifa ta sauke mun gwada shi a kwalba: rabi yashi, a cika da ruwa, a sa gishiri kaɗan, a girgiza, a ajiye sa'a uku. In lakar da ta kwanta a sama ta kusa kashi ɗaya cikin goma, bulonsa marmashewa zai yi. Namu ya tsallake. Bayan bugu, ban ruwa safe da yamma kwana bakwai, ba a ɗora bulo a gini kafin nan. Safar hannu dole ce, siminti na cin fata, kuma tuni mutum huɗu suka yi bororo.

Abin da na fi sa wa ido shi ne rabon mutane. In aka bar su, kowa zai koma wurin mai jin yarensa, a wayi gari Turawa na gefe, 'yan Gana na gefe, 'yan gari na kallo daga inuwa. Don haka uku-uku muke haɗa su: baƙo ɗaya, ɗan Gana ɗaya, ɗan gari ɗaya. Umarni kuma daga bakin Baba birkila yake fitowa, ba daga shugaban sansani ba. Leburori uku na haya za su buga bulon nan cikin rabin lokacin. Ana jure jinkirin ne don mai digiri daga Berlin ya tsaya a gyara masa riƙon shebur, kuma garin ya san ginin nasa ne.

Sai dai 'yan gari biyar kawai suka zo, alhali an yi alkawarin ashirin. Ba lalaci ba ne. Agusta hutu ne a Turai, a nan kuwa tsakiyar damina ce, masara da gyaɗa na jiran noma. Mu muka yi kuskuren raba ranaku ba mu dubi gona ba. Shi ya kai mu fada bayan la'asar.

Kafin shiga sai da aka yi wa baƙi bita: a tuɓe takalmi, a tsuguna, a tafa a hankali, kada a miƙa wa sarki hannu, magana kuma ta bakin mai magana da yawunsa take bi. Gaisuwar Dagbani uku suka haddace, Dasiba da safe, Antire da rana, Aniwula da yamma, amsa kuma Naa. Mun kai goro, aka raba mana wani, na ce kowa ya karɓa ko ba zai ci ba. An tsayar da gayya gobe Juma'a da safe, ranar da mutanen garin nan ba sa zuwa gona, magajiya kuma ta ɗauki nauyin mata su cika duro huɗu masu lita 200.

Wata 'yar Jamus bahaguwa ta miƙa wa Baba cokalin gini da hagu, ya tsaya yana kallonta bai karɓa ba, ita kuma ta ɗauka ƙinta yake yi. A zaman dare aka warware. An nuna mata in dama ta ɓaci da siminti, ta tallafi hagun da tsintsiyar hannun dama ta ce a yi haƙuri. 'Yan Koriya suka ce su da hannu biyu ake miƙa wa babba abu, sai dattawan da suka zo hira suka gyaɗa kai. An sake jaddada doka biyu: ba a ɗaukar hoton yaro sai iyayensa sun yarda, ba a raba alewa ko kuɗi a hanya, don kwana uku ya isa ya mai da gaisuwar yara roƙo. Namu samarin ma an ja musu kunne. Jadawalin girki ya haɗa da su, kuma a daina damun 'yan mata baƙi da zancen biza da aure. Tuwon zafi da miyar ayoyo na daren nan wani ɗan Kumasi ne ya tuƙa da wani Bafaranshe, da gudaji, amma an cinye.

Da aka ba da labarin asalin irin wannan sansani, yadda Pierre Ceresole ɗan Suwizalan ya tara matasa a 1920 kusa da Verdun, har da Jamusawa, su gyara ƙauyen Faransa da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya rushe, da yadda Gana ta kafa tata ƙungiyar sansanonin sa-kai a 1956, Baba ya ce ai wannan gayya ce, da ita kakansa ya rufe ɗaki.

Wani yaro ɗan Faransa na gudawa tun rana. An haɗa masa lita ɗaya ta dafaffen ruwa, sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin ƙaramin cokali. In zazzaɓi ya biyo baya, asibiti za mu tafi a gwada maleriya ko da tsakar dare ne, duk da yana shan maganin rigakafi.

Lissafin yau: buhu biyar, bulo 112 masu kyau, jimla 620 cikin kusan 1,500 da ake bukata. Rufi ba zai samu a mako uku ba, in mun kai linta mun gode Allah, kuma gobe zan faɗa wa baƙin haka kafin a fara gayya. Saura buhu 22 a sito, an ɗora su kan katako saboda danshi.