Keken da na daɗe ina ƙi

Mun sauka Ingila da ɗiyarmu tana da shekara 3, tana iya zama da kanta, tana rarrafe, amma ba ta taɓa taka ƙasa ba tare da an riƙe ta ba. Shawara ce ta kama ta a makon farko na haihuwarta, ta yi tsanani har ta taɓa ƙwaƙwalwa, abin da ya sa gaɓoɓinta ba sa bin umarninta yadda ya kamata. Na zo da fatan cewa a nan za a yi mata wani aiki ko a ba ta wani magani ta miƙe, kuma ban ɓoye wa kowa wannan fatan ba.

Abu na farko da muka koya shi ne, a tsarin lafiya na NHS ba a zuwa wurin ƙwararre kai tsaye. Sai da muka yi rajista da likitan unguwa, shi ya tura mu wurin likitar yara, ita kuma ta haɗa mu da likitar gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, wadda ake kira fisiyo. Da ta gama duba yarinyar, ta bayyana mana cewa raunin ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa kuma ba ya gogewa, amma tsoka da gaɓoɓi suna iya ƙagewa yayin da yaro ke girma idan aka bar su. Ta ce akwai ma'auni mai matakai 5 da ake auna motsin irin waɗannan yara da shi, kuma tamu tana mataki na 3, wato za ta iya tafiya da abin dogarawa, amma doguwar hanya sai da keke.

Na ɗauka gashin a asibiti ake yin sa, ashe mafi yawansa a tsakar ɗakinmu ne. Fisiyo tana nuna mana yadda ake miƙar da tsokar bayan ƙafa a hankali, da yadda ake sa ta durƙusa ta miƙo hannu ta ɗauki abin wasa, sauran aikin kuwa namu ne safe da yamma. An ɗauki siffar ƙafafunta da filasta aka yi mata takalman roba masu tallabe dunduniya har zuwa ƙasan gwiwa, aka gargaɗe mu da duba fatarta duk lokacin da aka cire su, kuma ana sake su idan ta girma. An ba mu wani katako mai ɗamara da ke tsayar da ita, domin ƙasusuwanta su saba da ɗaukar nauyi, ana kuma ɗaukar hoton ƙugunta lokaci-lokaci don kada ƙashin ya goce ba a sani ba. Sai keken koyon tafiya, irin wanda ke bayan yaro yana jan sa, saboda yana sa ta miƙe ƙirji maimakon ta sunkuya.

Duk waɗannan na karɓa hannu bibbiyu. Keken zama ne na ƙi, har tsawon watanni. A zuciyata, ranar da ta hau shi ita ce ranar da muka fid da rai da tafiyarta, kuma ban so a kira ta da sunan da ake kiran masu hawansa. Na ci gaba da goya ta zuwa makarantar reno, bayana yana ciwo, ita kuma tana ganin duniya ta bayan wuyana. Mahaifinta ne ya fara sauka daga wannan ra'ayi, ya ce mini: "Maman yara, ƙarfin da take ƙararwa kafin ta isa ƙofar aji, da shi ya kamata ta yi karatu da wasa." Fisiyo ma ta tabbatar mana cewa keken ba ya hana koyon tafiya muddin ana ci gaba da motsa jiki.

Akwai abin da baƙo ya kamata ya sani tun da wuri. Bizarmu ta aiki ba ta ba mu damar karɓar tallafin kuɗi na gwamnati ba, har da alawus ɗin yara masu naƙasa, amma gashi da takalma da keke suna cikin kulawar lafiya, kuma mun biya kuɗin lafiyar tun lokacin neman biza. Makaranta ma tana da nata nauyin, domin dokar daidaito ta 2010 ta wajabta mata yin gyaran da ya dace don yaro mai naƙasa.

Yanzu tana da shekara 5. A cikin aji tana tafiya da keken koyon tafiya daga tebur zuwa ƙofa, a waje kuma tana tura keken zamanta da hannunta. Idan bas ya tsaya aka sauke mata faifan da keke ke bi ya hau, takan ture hannuna ta ce: "Mama, bari, ni zan shiga da kaina."